Rakiyar Mama

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Kafanchan, har sunayen yaran da na koyar sun ɓace mini, amma yadda na samu ɗan hayana na farko ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Shekara biyu ke nan da fitowar naira lokacin da mijina ya rasu. Akawu ne a reluwe, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ya bar ni da yara uku da tsohuwarsa, wadda duk gida muke kira Mama. Ɗakinsa shi ne na bakin ƙofa, kuma mutumin akwai son kaya: gadon ƙarfe da katifa, kujerun kushin biyu, tebur, kabad mai madubi, har da rediyo.

Ba a daɗe da share makoki ba, wansa ya zo daga Manchok ya ce kayan namiji na 'yan'uwansa ne, zai kwashe, ɗakin kuma ya riƙa ajiye buhunan hatsinsa a ciki. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa. Muka yi ta yi har magana ta kai gaban dattawan ikilisiya. Na ce in aka bar mini ɗakin da kayansa zan sa haya, da shi zan riƙe yaran a makaranta. Suka yanke cewa in na samu ɗan haya kafin Kirsimati kaya su zauna, in ban samu ba a kwashe. Wata uku suka ba ni.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Garin mahaɗar jiragen ƙasa ne, kullum ana turo ma'aikata su riƙe aiki na wata uku ko huɗu, ga ma'aikatan asibiti masu zuwa kwas. Da akwati ɗaya suke sauka, kuma babu mai hankalin da zai sayi gado don zaman wata uku. Na shafe ɗakin da farar ƙasa, na ɗinka labule, na rubuta sanarwa a kwali da Hausa da Turanci na liƙa a tasha. Na roƙi matan zumunta na ikilisiya su baza magana, na kuma yi wa mai sayar da tuwo a tasha alkawarin zane in ta turo mini mutum.

Mutane kuwa sun zo. Kowa ya shiga sai ya danna katifa, ya leƙa madubi, ya yaba. Na kan faɗi ƙa'idar gida: rijiya da banɗaki da kicin tare ake amfani da su, ba a shigo da giya. Su ce babu damuwa, gobe za su kawo akwati. Daga nan Mama ta tashi daga tabarmarta ta raka su har bakin titi, ni kuma in ji daɗi, in ce tsohuwa tana taya ni. Gobe ta yi, shiru. Mutum bakwai suka yi mini haka. Har na fara zargin wan mijina da binne wani abu a ƙofar ɗakin, ni da nake koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi.

Saura kwana goma Kirsimati wani direban jirgi ya zo ya duba, ya tafi ya bar hularsa a kan tebur. Na ɗauki hular na bi su, shi da Mama. Suna tsaye a gindin mangwaro, ba su gan ni ba, Mama tana riƙe da hannun rigarsa tana yi masa magana da Hausarta ta tsofaffin ƙauye.

"Gadon yarona ne, ya mutu. In ka zo, ka bar ƙofa a buɗe da safe, ni ne zan share. Ba zan taɓa kayanka ba. Zan zauna kaɗan kawai."

Na ga fuskar mutumin ta canja. Ya karɓi hularsa ko ido bai haɗa da ni ba, ya ƙara sauri.

Ashe ba korarsu take yi ba, roƙonsu take yi. Amma ranar ban tsaya na ga haka ba. Muna shiga gida na sauke mata kwandon masifa. Na ce so take jikokinta su bar makaranta, na ce ta haɗa kai da babban ɗanta a kaina, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa suruka. Washegari na ɗaure mata ƙunshin kayanta na ce ta je Kagoro wajen 'yarta ta yi Kirsimati, ta huta. Ni da ita duk mun san ba hutu ba ne. Na sa ta a mota da kaina.

Kwana uku da tafiyarta na samu mutum, wani nas ɗan wajen Jos da ya zo kwas na wata huɗu. Da ya tambaya ko kayan na wa ne, na ce na wani ɗan'uwa ne da ya yi tafiya. Ranar ya kawo akwatinsa. Wan mijina ya zo ya gani da idonsa, ya koma Manchok yana ƙunƙuni. Na yi nasara, kuma gaskiya na ji daɗinta.

Bayan sabuwar shekara Mama ta dawo ina makaranta. Maƙwabciyata ce ta ba ni labari: ta ajiye ƙunshinta, ta nufi ɗakin, ta tarar da kwaɗo a ƙofar. Ta daɗe a tsaye. Nas ɗin ya dawo daga aiki ya same ta a wurin, ya gaishe ta, ta amsa, ta ɗauki kayanta ta koma tashar mota. Na ce a raina fushi ne, zai wuce, kuma zamanta a can ya fi mini kwanciyar hankali har kwas ɗin ya ƙare.

Ana saura mako ɗaya ya tafi, ina wanki a bakin rijiya, ya tambaye ni wace ce tsohuwar nan da ya taɓa gani a ƙofarsa. Tunda tafiya zai yi, na gaya masa komai, har roƙon da take yi wa mutane. Sai ya ce:

"Haba Malama, da kin gaya mini. A asibiti nake aiki, gadon mamaci ba ya ba ni tsoro. Da safe ma ba na nan. Da na ba ta makulli ɗaya."

Ranar Asabar na tafi Kagoro in dawo da ita. Ta karɓe ni da kyau, ta sa aka kawo mini abinci, ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya. Da na ce ta zo mu koma, ɗaki a buɗe yake, ta ce ta gode, nan ma ta saba. Na koma sau biyu, amsar ba ta canja ba. A can ta rasu da damina ta zagayo.

Kayan sun zauna, yaran sun yi karatu, 'yan haya kuma sun yi ta shiga suna fita shekara da shekaru. Ban ce na yi kuskure da na tsaya wa 'ya'yana ba. Kuskurena shi ne na yanke wa baƙo hukunci ban tambaye shi ba, na kuma ɗauki tsohuwar da ta binne ɗanta a matsayin abin da ake ɓoyewa kafin a nuna ɗaki. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo neman haya sai na zaunar da shi na gaya masa su wa ke gidan da abin da ke damun kowa, sannan in ɗauko makulli. Wasu sun tashi sun tafi, da yawa sun zauna. Na koyi haka a kan Mama, ita kuwa bai amfane ta da komai ba.