Karatu Da Goyo

Akwai abin da ya same ni wanda ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, shi kam ba zai tafi ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Dakoro ba za su bari ba, don har yau akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba, sai wanda aka laƙaba mini a waccan shekarar.

Shekarar ce nake shirin konkur, jarrabawar shiga makarantar horar da malamai. Sau biyu ina yi ina faɗuwa, ga shekaruna sun kai bakin iyakar da aka yanka. In na sake faɗuwa, sai gonar gero a Mai Yara, inda babana ya riga ya nuna mini gefen da zan fara nomewa. Ya ma saya mini hauya, wai don kada a makara.

Saura sati uku a zauna jarrabawa, mai ɗakina ta faɗo daga amalanke a hanyar dawowa daga biki a Sabon Maci, ta karye a kafaɗa. Allah ya kiyaye ɗiyarmu 'yar wata huɗu, don a lokacin tana hannun wata mata. Mai ɗori ya ɗora, ya ce babu goyo sai bayan kwana arba'in. Nono dai za ta iya bayarwa a kwance, amma ɗauka da goyo an hana. Ga shi kaka ta yi, uwata da uwarta duk suna gona, babu mai zuwa ya zauna mana.

Ni a lokacin ina da ra'ayi game da jarirai, kamar yadda duk wanda bai taɓa reno ba yake da shi. A ganina in cikin jariri ya cika, ƙasansa a bushe, to ba shi da sauran hujjar kuka. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwa, na ɗora zane mai laushi, na kwantar da ita, na buɗe littafin tarihi da labarin ƙasa. Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa babanta yana da konkur. Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe baki.

Ban san mutum mai tsawon kamu biyu yana iya fitar da irin wannan sauti ba. Kwana huɗu ina shafi ɗaya. Na toshe kunnuwana da auduga, na ji ta. Na koma zaure, na ji ta. Na ɗauki littafin na tafi gindin bedi, wato dogon yaro, a bakin lakwal, makarantar bokon garinmu, inda ko ƙarar jirgi ba za ta iso daga gidanmu ba, can ma ina jin ta, a cikin kaina. Sai in karanta layi ɗaya sau bakwai, in ɗaga kai in tambayi kaina me na karanta, in ga babu komai sai fuskarta jajir da uwarta kwance tana hawaye don ba ta iya ɗaga ta. Gaskiya haushin yarinyar na ji, kuma ina kunyar faɗin haka har yanzu.

Rana ta biyar na kai ta asibiti. Likita ya auna ta sama da ƙasa, ya ce lafiyarta ƙalau. Na lura tun da na saɓa ta a kafaɗa muka fito gida ba ta ce uffan ba, amma na ɗauka tsoron likita ne.

Muna dawowa na sauke ta, ta ɗora daga inda ta tsaya. Sai ga gwaggona, ƙanwar babana da ke zaune bayan gidanmu, ta shigo ba ko sallama. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, da sanda take tafiya. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta dubi audugar da ke kunnena.

Ta ce, "Kai, mi kake yi ma ɗiyag ga?"

Na ce, "Gwaggo, ba ni son ta saba da hannu."

Ta ce, "Wata tara tana cikin mutum, wata huɗu tana bayan mutum, yau kai za ka ce mata tabarma? Jiki take biɗa. Duƙa."

Na ce ban gane ba. Ta ce in duƙa kamar mai ruku'u. Na tuna mata cewa ni namiji ne, har da gemu.

Ta ce, "Ita ba ta sani ba."

Na duƙa. Ta ɗora mini ita a baya, ta ja zanen mai ɗakina ta ɗaure a ƙirjina, ta ƙara majanyi ta tamke har sai da numfashina ya koma rabi. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya sau biyu, ta kwantar da kumatunta tsakanin kafaɗuna, ta yi tsit. Na ji ɗumin cikinta a bayana, na ji numfashinta yana sauka a hankali. Abin da ban zata ba shi ne nawa ma ya sauka tare da nata. Mai ɗakina ta juya fuska bango, kafaɗarta mai lafiya tana rawa. Ta ce zafin karaya ne.

Sai dai goyon yana da sharaɗi. In na zauna, ta farka. In na tsaya cak, ta farka. Dole in yi ta tafiya daga bakin zaure zuwa randa, daga randa zuwa zaure, ina ɗan jijjiga, littafi a hannun dama, hannun hagu a baya yana bubbuga ta. A haka ranar na gama babi biyu, kuma suka zauna. Babu abin da hankalina zai tafi nema, tunda abin da yake damunsa yana manne da ni yana barci.

Na roƙi Gwaggo maganar ta tsaya a cikin gida, ta kuma tsayar. Mai ga-ruwa ne na manta da shi. Ya shigo da garwa biyu, ya gan ni da zanen atamfa mai furanni ina haddace kogunan Afirka, ya juye ruwansa, ya fita. Kafin ranar kasuwa har masu sayar da raƙuma sun ji. Da na leƙa fada, wato majalisar da muke shan shayi, abokaina suka matsa mini wuri cikin ladabi, ɗaya ya miƙo shayi ya ce, "Sannu da reno, Mai Goyo. Yaushe za a yaye?" Na sha shayina na koma gida na duƙa.

Ranar jarrabawa a Maradi aka raba takardu, na karanta tambayar farko, na san na san ta, amma kaina fayau. Ga ni zaune daram a kan benci, bayana sakayau ba nauyi, ba ɗumi. Rabin awa ta wuce ban rubuta komai ba sai sunana. Na fara hango hauyar nan.

Ban san lokacin da na soma jijjiga ba. Hannuna na hagu ya zagaya baya da kansa yana bubbugawa, sai ga kogunan nan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin rubutu mai tsaron jarrabawa ya tsaya a kaina. Ya ce in miƙe. Ya ɗaga rigata ta baya, ya lalube ƙuguna, yana neman takardar da na ɓoye. Bai sami komai ba.

Ya ce, "To mi kake bugu nan?"

Na ce, "Ɗiyata."

Ya sake leƙa bayana. Ya ce, "Tana ina?"

Na ce, "Dakoro."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in zauna in ci gaba, amma in rage girgiza benci don akwai mutum a ɗaya gefen.

Na ci konkur. Hauyar tana nan a Mai Yara, ƙanena ke aiki da ita.

Abin da na koya shi ne hankali ba ya zama a kan littafi alhali ka bar mai bukatarka yana kuka a baya. Na yi ta gudun yarinyar don in sami natsuwa, ashe natsuwar tana wurinta, kamar yadda tata take wurina. Yanzu ni malami ne, in na ga ɗalibi ya kafa wa shafi ido ba ya motsi, ba na fara yi masa faɗa, sai in tambaye shi wa ya baro a gida.

Ɗiyar nan yanzu tana kwaleji. Ba ta iya karatu a zaune, sai tana kai da kawowa daga zaure zuwa randa. Uwarta takan ce ta zauna kamar 'yar mutane. Ni kuwa nakan ce a ƙyale ta, tare muka yi ajin.