Ni Ne Na Fesa Ƙoran, Gwaggo Laraba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Alhamis, 14 ga Maris, 1996, labari ya iske ni a makarantarmu ta Kalgo cewa Allah Ya yi wa Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifina, rasuwa a gidanta da ke Gwandu. Kafin in sami mota har an kai ta makwancinta. Na makara a jana'izarki, Gwaggo, kamar yadda na makara da wata magana shekara huɗu ke nan.

Ke kika raine ni bayan mahaifiyata ta rasu, kuma da zanen ƙwarya kika ciyar da ni. Ki sa wuƙa a garwashi, ki ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi na shiga idonki, kina yi mini tsiya wai boko ya sa hannuna ya mutu. Matan Fulani daga rugagen Kambaza da Malisa ba su sayen ƙwaryar nono sai taki. Wadda ta zo da fasasshiya kuwa ki ɗinke mata, ki haɗa ta da tuwo.

A 1992 na sayo gwangwanin banish na feshi a Birnin Kebbi saboda aikin hannu na ɗalibaina. Ba shi da launi. A girgiza shi, a ja baya kamar taƙi ɗaya, a fesa sama-sama, a bari ya bushe a inuwa, sai abu ya yi sheƙi, ruwa ba ya kama shi. Na kawo miki ina ɗagawa, na gwada a wani ludayi. Kika juya shi, kika shinshina, kika ce, "Wanga abu na ratayewa ga bango ne, Hamidu. Ƙwaryar nono numfashi taka yi. Kak ka toshe mata hanci."

Na yi dariya a zuciyata. Ina ganin na fi ki sani.

A makon nan kika gama ƙorai goma sha biyu da Dije, wata Bafulatana ta wajen Kambaza, ta sa ki yi wa 'yarta Zulai na aure. Kika tafi bikin suna a Malisa. Na jera su a tsakar gida na fesa su ciki da waje, har sau biyu. Da mijin Dije ya zo, ni na ɗaure masa su, ina jiran yabo.

Bayan biki, ranar kasuwar Gwandu, Dije ta zo rumfarki. Duk nonon da amarya ta zuba a ƙoran ya ɗauki wari kamar na kananzir, babu mai saye, dangin miji sun sa ta a bakinsu. Dije ta tuntsurar da nonon a gaban ƙafafunki, ta ce, "Inna Laraba, shekara ashirin muna tare. Mi munka yi miki?"

Mutane suka taru. Ina tsaye riƙe da kekena, ban fi taku biyar da ke ba. Kika ɗauki ƙwaryar, kika shafa cikinta, kika dube ni sau ɗaya. Sannan kika ce, "Hannuna ne, Dije. Ki yi haƙuri."

Ban ce uffan ba. Na daɗe ina kiran shirun nan kunya, amma tsoro ne: kada a ce malamin makaranta guda ya yi aikin wauta. Kin sake mata wasu sha biyu, duk da haka magana ta riga ta zaga rugage, matan suka koma wajen wasu. Ba ki taɓa tayar mini da zancen ba. Ni kuma kowace Sallah in kawo miki atamfa da goro, kamar atamfa za ta rufe abin da na yi.

A zaman makoki Salamatu, 'yarki, ta sauko da wata ƙwarya daga bangon ɗakinki. Ɗaya ce daga cikin sha biyun da na fesa, tana sheƙi kamar jiya aka fesa ta, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Ta ce, "Inna ta ce a ba ka. Ta ce abinka yana da kyau in an sa shi inda ya dace."

Dije ma ta zo gaisuwa. Na tare ta a zaure na faɗa mata gaskiya, abin da bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ka bari na zubar mata da nono ga ƙafa, har ta tafi ban roƙe ta gafara ba?"

Saboda haka nake rubutawa, duk wanda ya karanta ya kai rugage: hannun Laraba bai taɓa ɓata ƙwarya ba. Ni ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Salamatu da ɗan'uwanta Lawali da dukkan danginmu na Gwandu da Kalgo, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa mini asiri a tsakiyar kasuwa, Allah Ya rufa miki naki ranar da babu mai rufa wa wani. Amin.

Hamidu, Kalgo