Daɓen Inna Rifkatu a Tsakiyar Masara

Kullum da hantsi, in ba Lahadi ba, Inna Rifkatu takan fito daga gidanta da ke bayan wata makarantar sakandare a gefen garin Ƙanƙara, tsintsiya a hammata, buta a hannu. Ba ta sauri, gwiwa ta hana. Takan ratsa ta cikin gonakin da suka cinye filin wasan makarantar har ta isa wani ɗan tsirin ƙasa mai tsawon yadi ashirin da biyu, faɗinsa bai wuce taki huɗu ba. Nan babu shuka, babu ciyawa, sumul yake kamar tsakar ɗakin amarya. Sai ta share shi, ta tsige duk ciyawar da ta leƙo, ta toshe ramin tururuwa da diddige, ta yayyafa ruwa inda ya fara tsagewa.

Baƙo bai taɓa wucewa ta nan ya yi shiru ba. Wani ya ce kushewar wani bawan Allah ce, wani ya ce masussuka. Wata mata ma ta taɓa zuwa da buhun barkono za ta shanya, Inna ta raka ta har bakin hanya da kalaman da ba za a rubuta su a nan ba. Amsar kuwa ta fi duk waɗannan ban mamaki: filin kurket ne, kuma shi kaɗai ya rage tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba, ta dira a ƙasa ta tashi, wani ya maka mata katako mai faɗi, yana kare wasu sanduna uku da aka kafa a bayansa. Duk wasan a kan dirar nan ya rataya. In ƙasa ta karkata ko da kaɗan, ƙwallo za ta bi karkatar, an cuci wani ke nan tun kafin ya ɗaga katakonsa. Inna Rifkatu ba ta taɓa kiran katakon nan da wani suna ba sai muciya, kuma har yau ba ta san yadda ake ƙirga cin wasan ba. Ƙasar kuwa, ko a mafarki ta san ta.

Yaya aka yi Bahaushiya 'yar ƙauyen da ke bayan 'Yargoje, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta zama uwar wannan wasa? Sai an koma shekarar 1978. Lokacin tana sabuwar mai shara a makarantar, mijinta kuma lebura. A cikin malaman akwai baƙi biyu: Mista Raman, mutumin Indiya, mai koyar da lissafi, da Malam Anwar, mutumin Pakistan, mai koyar da kimiyya. Gidajensu katanga ɗaya, shayinsu tare, amma da an ambaci kurket sai ka rantse gado suke rabawa. A shekarar nan ne 'yan wasan Indiya suka kai ziyara Pakistan bayan shekaru goma sha bakwai ba a haɗu ba. Malaman biyu suka tare gindin rediyo ɗaya, kowa na harara. Pakistan ta yi nasara, Malam Anwar ya yi mako guda yana gaishe da maƙwabcinsa sau biyar a yini. Da abin ya ishi Mista Raman sai ya ce a raba ɗalibai gida biyu, kowa ya horar da nasa, a gani a ƙasa.

Ƙasar ce ta gagara. Leburori suka share, suka tattaka, ƙwallo ta dira ta nutse cikin rairayi. Siminti kuma malaman duka biyu suka ƙi. Rifkatu tana shara tana jin su, sai ta ce wa mijinta, “Wai mi mutanen ga ke nema? In wuri mai tauri suke so, ai daɓe za a yi masu.”

Ta tara mata tara. Suka kwaso ƙasar surin gara, suka cuɗa da tsakuwa, suka shimfiɗa, suka durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa, kwana uku, suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya kama ya yi ƙarfi. Malaman suka zo suka ƙwanƙwasa, suka yi ta murna. Aka fara wasa. Duk ƙwallon da aka jefa sai ta dira ta zame hagu. Ba a yi rabin sa'a ba Malam Anwar ya jefar da hularsa, ya ce Mista Raman ne ya kitsa da matan, don masu jifansa sun fi gwanancewa ta wannan ɓangaren. Mista Raman ya ce ƙarya ne. Ɗalibai suka rabu, aka fara naɗe hannun riga.

Aka kira Rifkatu. Ta dubi wurin, ta dubi malaman, ta rasa laifin da ta yi.

“To ai dole shi gangara,” in ji ta. “Wace mace ce za ta yi daɓe ba ta bar ma ruwa hanya ba? So kuke shi kwanta maku a tsakiya?”

Haka uwarta ta koya mata, haka kakarta ta koya wa uwarta: daɓen kirki yana da 'yar gangara zuwa rariya. Malam Lawwali, malamin wasanni na yanzu, ɗan Damari ta ƙasar Sabuwa, ya shigo makarantar a ɗalibi bayan faruwar abin, kuma daga bakin Mista Raman ya ji shi. Ya ce mutumin ya yi dariya har da hawaye. Ita dai Rifkatu ba ta yi dariya ba. Abin ya tsaya mata a rai, wai aikin hannunta ya kusa sa 'ya'yan mutane su fasa wa juna kai. Ta sa aka farfashe daɓen gaba ɗaya, ta sake sabo. Da ta gama sai ta ɗauko buta ta tsiyaya ruwa a tsakiya, a gaban malaman biyu. Ruwan ya tsaya cik, bai nufi gabas ba, bai nufi yamma ba. Tun daga ranar, ba a fara wasa a filin nan sai ta yi wannan gwaji.

Kada a ɗauka malaman waliyyai ne. Ana gobe wasa, wannan ya zagayo ya roƙe ta ta ƙara ruwa, wancan ya zagayo ya roƙe ta ta bar shi ya bushe, kowa da irin ƙasar da yaransa suka fi so. Ta ce wa kowannensu to. Da safe, gaban jama'a, ta ce, “Kai ka ce a jiƙa, kai ka ce a busar. Ku shirya tsakaninku ku hwaɗa mani guda.” Ba wanda ya sake zagayowa.

Bayan shekara biyu aka mai da Malam Anwar wata makaranta a Faskari. Nan ziyara ta samo asali. Bana 'yan Faskari su zo, baɗi 'yan Ƙanƙara su je, bayan an gama girbi. 'Yan Ƙanƙara ana ce musu Indiya, 'yan Faskari ana ce musu Pakistan, har direbobin tasha suka san da zancen. Daɓen Faskari ma ita aka ɗauka a motar makaranta ta je ta yi. Malaman biyu sun koma ƙasashensu tun kafin a haifi iyayen wasu 'yan wasan yanzu, sunayen kuwa suka zauna. Abin da ke ba mutum mamaki shi ne, ainihin Indiya da Pakistan sun fi shekara goma ba su kai wa juna irin wannan ziyara ba, amma nasu na nan Katsina sun daɗe suna cin tuwo a kwano ɗaya bayan an tashi wasa.

Sai hanya ta lalace saboda rashin tsaro. Kowa ya san abin da ya sami yankin nan, ba sai an maimaita ba. Ziyara ta tsaya. Aka gina ajujuwa a kan daɓen Faskari. Gonakin nesa suka gagari masu su, aka yanka filin wasan makarantar Ƙanƙara aka raba wa ma'aikata da waɗanda suka baro ƙauyukansu. Inna Rifkatu ta riga ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ɗanta Yahuza ya baro gonarsu ta 'Yargoje da iyalinsa ya dawo wurinta. Da aka zo rabo, ta roƙi a ba ta yankin da daɓen yake ciki. Aka ba ta. Ta shuke ko'ina ta bar tsakiya.

Shekara shida tana sharar wurin da ba a wasa a kansa. A gidan da ake auna hatsi kafin a ɗora tukunya, kunyar shuka biyar ba abin wasa ba ce. Farkon daminar bana Yahuza ya aro shanun huɗa ya nufi daɓen. Ya tarar da ita zaune a tsakiya, ta miƙe ƙafa.

“Inna, ki tashi don Allah,” ya ce. “Mutanen da kike jira ba su zuwa. Jikokinki masara za su ci, ba kurket ba.”

“Na ji. Gaskiya gare ka.”

“To ki tashi mana.”

“Ka bar mani bana kaɗai. In an yi girbi ba su zo ba, baɗi ni da kaina zan riƙe maka igiyar shanun.”

Sai ya karkata shanun suka kewaye ta. Ba wanda zai zargi Yahuza, yunwa ba ta san tarihi ba. Ita ma ta faɗa wa Malam Lawwali cewa ranar ta ji tsoro, don ba ta da wata shaida cewa za su zo. Abin da ta riƙe kawai shi ne, daɓen da garma ta shiga ya tafi ke nan, matan da suka san aikin sun ƙare saura ita, kuma gwiwarta ba za ta sake yin sabo ba.

Malam Lawwali ya ɗauki maganar ya kai Faskari. Tsofaffin ɗalibai suka yi ta kai da kawowa. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. Aka yanke masara, aka kwashe kara, shiru. Sai wata Asabar da hantsi motar haya guda biyu suka tsaya a ƙofar makaranta, wani ya leƙo ta taga yana ihu, “Pakistan ta iso!”

Kwana huɗu kafin nan, da labari ya fara ƙarfi, Inna ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana nuna wa surukarta Shafa'atu da wasu mata yadda ake riƙon madaɓi, suka gyara wurin. Ranar wasan kuwa, da jama'a suka kewaye, ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, sai ta ga wani ya riga ta. Yahuza ne. Ya tsiyaya ruwan a tsakiya yadda ya ga tana yi tun yana goye. Ruwan ya tsaya.

Faskari ta lallasa Ƙanƙara, kuma a gida. Malam Lawwali ya je ya same ta gindin ɗorawa, fuska a murtuke.

“Inna, sun cinye mu.”

“Akwai wanda ya ce ƙasa ta cuce shi?”

“Ko ɗaya.”

“To mi ya dame ni,” in ji ta. Sannan ta juya ga ɗanta. “Baɗi hwa?”

“Shanun sun riga sun san hanya,” ya ce. “Kewayewa za su yi.”

Inna Rifkatu, ke ce kika rushe aikin kwana uku da hannunki da kika ga ya fifita wani a kan wani ba da saninki ba. Ke ce kika rage abin da za ki kai bakinki shekara shida, don wasan da ko ƙirga shi ba ki iya ba. Mai madaɓi, uwar Indiya da Pakistan ta Ƙanƙara, sunanki ba ya cikin kowace takardar makaranta sai ta masu shara, to ga shi yau a gaban masu karatu. Yanzu da kika miƙa wa Shafa'atu madaɓin, mun gode, Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwar nan.

Mu kuma da aka ba amanar wani wuri da mutane biyu za su yi ja a kansa, ko ma'auni ne a kasuwa, ko takardar jarrabawa, ko iyakar gona, mu yi abin da tsohuwar nan take yi. Kafin a fara, a ɗauko buta a gaban kowa, a zuba, a ga inda ruwan zai nufa.