Dunƙulen Naman Ƙarshe

Shekarun baya, lokacin da ma'aikata ke yini Abuja suna kwana Suleja, na yi wani maƙwabci mutumin Kashmir, dattijo mai sayar da darduma. Yana jin Hausa sosai, sai dai ba shi da yawan magana.

Wata Asabar ya ari turmin matata. Tun hantsi yake dakan nama, har na ce mata, "Anya ba sa guda ya jefa ciki har da ƙaho ba?" Da la'asar ya kira mu, ni da abokina direba da limamin unguwa. Ashe ranar ake bikin 'yarsa a can ƙasarsu, rikici ya hana shi tafiya. Ya ce a al'adarsu mutum huɗu ke zagaye faranti ɗaya a walimar aure, shi kuwa nan ba shi da kowa sai mu.

Aka ajiye shinkafa da nama. Ni da ba na wasa da cikina, na naɗe hannun riga na yi mata kaca-kaca, na yi hamdala. Sai ga wani naman. Na ci. Sai ga wani, ja wur. Ranar na ga naman da zai ishi mutanen Tafa da Iku su yi Sallah. Na sassauta mazagi, gumi har cikin kunne.

Can dattijon ya fito da dunƙulen nama cikin farin romon nono. Kowa ya ɗauki rabonsa, nawa ya rage.

"Baba, ka yi mini rai," na ce. "Ko numfashi sai ya nemi izini yake shiga."

Fuskarsa ta canza. "Maƙwabci, wannan ne na ƙarshe. A wurinmu ba a mayar da shi. Da shi ake rufe biki."

Liman ya zungure ni. "Ci mana! In ka faɗi akwai direba."

Na yi bismilla, na tura shi kaɗan-kaɗan, idona kamar zai zazzago. Da na haɗiye, dattijon ya ɗaga hannu muka yi wa amarya addu'a. Ya share ido da bakin rigarsa, ya ce, "Yanzu na aurar da 'yata."

Gidana jikin nasa yake, amma sai da na huta a hanya.

Ya daɗe da komawa ƙasarsu. Har yau, duk ƙoshina, ba na ture abin da mai biki ya miƙo mini da hannunsa. Matata ta ce kwaɗayi ne. Ni dai na san wanda nake tunawa.