Jan Maɓallin da Lemapu Bai Tura Ba

Matalena ba ta mantuwa, kuma ni Sapela ban ga laifinta ba. Ƙauyenmu ɗaya, ga shi shekara tara rumfar da nake sayar da koko tana jikin shagonta na gyaran kwamfuta a Apia, babban birnin ƙasarmu.

Tana budurwa ita ke buga takardu a ofishin cocinmu. Sai 'yan'uwa suka aiko wa coci kwamfuta daga Pago Pago, can tsallaken teku. Ƙarfin wutar can rabin na tamu ne, shi ya sa a bayan irin waɗannan na'urori akwai ɗan jan maɓalli da ake turawa kafin a jona su a nan. Lemapu, ɗan babban dattijon coci, sarkin iyayi, ya jona bai tura ba. Ta yi tas, hayaƙi ya tashi. Da aka tambaya ya ce Matalena ce ta zuba mata shayi. Wa zai ƙaryata ɗan manya? Aka kore ta, aka kunyata gidansu a taron ƙauye, mahaifiyarta Pisila ta bar zama a sahun gaba a coci har ta rasu. Haushin nan ne ya kai Matalena koyon gyara.

Wata Juma'a sai ga Lemapu, ya ajiye tumbi, ya rungumo kwamfuta yana haki. Sauran masu gyara sun ce sai mako mai zuwa, shi kuwa Litinin zai tsaya gaban kotu neman sarautar gidansu. Duk tarihin zuriyar da ƙanensa ya tattara masa yana ciki.

"Ƙanwata, ta ƙi tashi," in ji shi.

"Au, yau ni ce ƙanwa? Ajiye, ranka ya daɗe."

Ta sauya waya, ta gwada wani soket, ta danna. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba. Ta kwance murfin ta leƙa ko tsaka ce ta shiga ta soye, don a garin nan aikinsu ke nan. Babu tsaka. Sai ta kai hanci kusa da akwatin wuta ta shinshina, ta juyo bayan na'urar. Sai ta yi wani irin murmushi.

"Daga ina take?"

"Pago Pago. Jiya ta iso a jirgin ruwa."

"Shayi ka zuba mata?"

"Wane irin shayi? Jona ta kawai na yi, ta yi tas, ta..." Sai ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Shekara ashirin, maɓalli ɗaya ya gagare ka."

"Takardun fa? Sun ƙone?"

"Ina zan sani? Ni ai mai zubar da shayi ce."

Ta sani sarai akwatin wutar kaɗai ya ƙone, tana ma da irinsa uku ƙarƙashin tebur. Ya yi magiya, ya haɗa ta da zumunci, ya haɗa ta da Allah. Ta ce su haɗu a gidan mahaifiyarta ranar Lahadi in an tashi daga coci, ya faɗi gaskiya, sannan ta duba.

Kabarin Pisila yana ƙofar gida, kamar yadda ake binne kowa a wajenmu, a bakin hanyar da masu fitowa daga coci ke bi. Nan Lemapu ya tsaya cikin fararen kayansa, rana na dukansa, jama'a suka yi cirko-cirko.

"Inna Pisila," ya ce ƙasa-ƙasa, "ni na ƙona kwamfutar coci. Ƙarya na yi wa 'yarki."

"Ɗaga murya," in ji Matalena. "Kunnenta ya yi nauyi."

Sau uku ya maimaita, kuma wallahi kowanne sai da ya yi min daɗi. Gyaran bai ɗauke ta minti ashirin ba.

Da yamma na same ta zaune a gefen kabarin. Na ce mata yau kam ta rama.

"Na rama," ta ce. "Amma ita na so ta ji, Sapela, tun tana da rai."