Murya Biyu a Saman Kwakwa

Shekara ashirin da ɗaya Baraniko bai ce wa Tebau ko sannu ba. Ni maƙwabciyarsa ce, don haka na san kan maganar: aladen Tebau ne ya faɗa ramin gwazar Baraniko ya yi mata kaca-kaca. An yanka aladen tuntuni, an cinye, kowa ya manta, ban da tsofaffin nan biyu masu taurin kai.

Baraniko mai tatsar kwakwa ne. Safe da yamma yakan hau bishiya, ya shafci bakin hudar da wuƙa, ya sauya ƙoƙon da ya cika da karewe, ruwan zaƙin nan da muke sha mu ba yara. Idan aka tsallake kwana biyu ba a yanka ba, hudar ta bushe ke nan. Shi ya sa ko da matarsa ta rasu, ɗansa Kaiea ya yi ta aike daga New Zealand ya zo su zauna, ya ce shi ba inda za shi.

A tsibirinmu mai tatsa ba ya hawa shiru, sai da waƙa. Ina yarinya, gari na wayewa za ka ji maza wajen arba'in suna amsa wa juna daga sama. Samari suka watse, wasu babban birninmu Tarawa, wasu aikin jirgin ruwa, sukarin kanti ya shigo. Aka wayi gari murya biyu ta rage, kuma don rashin sa'a, ta mutanen da ba sa ga maciji da juna.

A ƙasa, in sun haɗu, kowa kawar da kai yake yi. A sama kuwa sai ka toshe kunne.

"Mai alade, ka tashi, ko an binne ka jiya?" Baraniko zai rera.

Can daga bayan coci Tebau zai amsa: "Ina nan daram, mai ƙafar ƙaguwa! Aladena ma ya ce gwazarka ba daɗi!"

Wata Talata Baraniko ya rera, shiru. Ya sake, ya ƙara zagi, shiru. Na ga saukowarsa, rabin karewen ya zube masa a ƙirji.

Na ce, "Baba, ka leƙa shi mana."

"In leƙa wa? Ni zan taka gidan mai alade? Barci ne, ragon banza."

Ba barci ba ne. Ɓarin jikin Tebau ne ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. 'Yarsa Teretia ta zo ta ce ran Juma'a za ta tafi da shi asibitin Tarawa, kuma kowa ya san ba dawowa zai yi ba. Na yi wa Baraniko magiya har na gaji, na yi fushi, na ce masa zuciyarsa ta fi ƙoƙon kwakwa tauri. Abin da ban sani ba, tun yammacin Talatar nan yake zagayawa ta bayan coci yana yanka hudar bishiyoyin Tebau, don kada su bushe.

Ran Juma'a Baraniko ya zo bakin ruwa, inda kwalekwale ke jiran Tebau, ya tsaya a bayan mutane. Aka ɗauko Tebau a tabarma. Da idonsa ya faɗa kan Baraniko sai ya yi ta motsa hannunsa mai lafiya, har Teretia ta gane. Ta kwance wuƙar tatsar ubanta, wadda ko ita bai taɓa bari ta taɓa ba, ta miƙa.

"Baba, taka ce," in ji ta.

Baraniko ya karɓa. Na ce a raina yau dai zai yi magana. Sai kawai ya soke wuƙar a ƙugunsa, ya bi kwalekwalen da kallo har ya fita.

Washegari ina hura wuta na ji shi a sama: "Mai alade, ka tashi, ko an binne ka jiya?"

Tausayinsa ya kama ni, don na san ba mai amsawa. Ya sauko a hankali, ya ratsa ƙauyen da ƙoƙunansa a kafaɗa. An jima, daga bayan coci, a kan bishiyar Tebau, sai ga muryar Baraniko:

"Ina nan daram, mai ƙafar ƙaguwa!"

Na zauna a gindin murhu na yi kuka. Shekara uku ke nan, kullum haka yake yi.