Kunyar Rahila

Mun tashi daga Kachia da asuba, ni da wani abokin aikina, da buhuna huɗu da lauje biyu. Motar citta muka samu, har muka kai Zonkwa ina atishawa. Nan muka karya da awara mai zafi, abokina yana tsokanata wai malamin aikin gona ko a ciki sai waken suya. Kuɗin mota kuwa ya ninka, na yi mita har direba ya daina amsa ni.

Iri muka je ɗaukowa. A farkon damina na ba kowane ɗalibina kunya ɗaya ta waken suya a bayan makaranta, da turke mai sunansa. Sai aka kai wa ƙauyen da makarantar take hari, aka rufe makarantar, aka mai da yaran Kafanchan, ni kuma Kachia. Ba su da wani iri sai wannan, kuma waken suya in ya bushe ba ya jiran kowa.

Bayan Fadan Kagoma ɗan acaɓa ya sauke mu a bakin rafi, ya ce iyakarsa ke nan. Muka taka. Ba kaza, ba hayaƙi. A ajinmu zanen saiwar wake da na yi yana nan a allo, ba wanda ya goge.

Sai muka ji tas, tas, daga bayan aji, kamar mutane da yawa suna ƙyasta yatsu. Ni na koyar cewa kwanson wake yana fashewa da kansa in rana ta yi zafi, amma wallahi sai da na ja da baya. Da muka leƙa, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gonar. Wata uku ba kowa, amma ko ciyawa ɗaya babu.

Wata tsohuwa ta miƙe daga tsakiyar kunyoyin da fartanya. Na gaishe ta da ƙyar.

"Kai ne ticha?" ta ce. "Ni ne maman Rahila. Wane kunya ne nashi a nan?"

Rahila ɗalibata ce, tana cikin waɗanda ba su tsira daga harin ba. Ashe Mama ba ta iya karatu ba, turakun duk ɗaya suke a idonta. Shi ya sa ta riƙa nome su gaba ɗaya, don kada ta tsallake ta 'yarta.

Na kai ta kunya ta tara, na karanta mata sunan. Ta dafa turken, ta daɗe.

Muka yanke sauran a hankali, ƙwayoyi suna zuba a ƙafafunmu. Da na ɗaga lauje a kan ta tara, ta riƙe mini hannu.

"Ɗana, bar wannan. Da yardar Ubangiji in ruwa ya zo zai fito."

Na san da wuya irin da ya sha rani a ƙasa ya tsira. Amma na sauke laujen.

Mun sauke buhu uku a Kafanchan, yaran za su shuka baɗi. Na koma gida da yamma da buhu ɗaya babu komai a ciki. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa ɗalibai fashewar kwanso asara ce. Ran Litinin wannan darasin ne a jadawali, kuma har yanzu ban san yadda zan fara shi ba.